Jagora: Shirya kiristal ɗin furotin daga Damagaram zuwa hannun mutum-mutumin sinkurotiron

Wanda yake son ya ga siffar furotin, wato inda kowane atam yake zaune a cikinsa, hanyar da ta fi daɗewa tana ba da amsa ita ce a sa furotin ɗin ya zama kiristal, a haska shi da hasken X, sannan a lissafa siffar daga yadda hasken ya watsu. Ta wannan hanya John Kendrew ya fitar da siffar mayogilobin, wani furotin na tsoka, a 1958, kuma mafi yawan siffofi sama da 200,000 da ke cikin PDB, rumbun duniya na siffofin furotin wanda aka buɗe a 1971, ta nan suka fito. Hasken da ake aiki da shi a yau galibi daga sinkurotiron yake fitowa, wani babban zobe da ake kora elektiron a cikinsa da gudun da ya kusa na haske, kamar ESRF da ke Grenoble a Faransa mai kewayen mita 844, ko Diamond da ke Ingila wadda ta fara aiki a 2007. Nahiyar Afirka ba ta da irin wannan zobe har yanzu, ko da yake tun Nuwamba 2015 masana suka yi taronsu na farko a Grenoble kan yadda za a gina shi.

A da, sai mai bincike ya nemi biza da kuɗin jirgi, ya kwana a bakin layin haske, wato tashar gwaji da hasken ke isowa daga zoben, yana shiga ɗakin gwaji yana ɗora kowane kiristal da hannunsa, yana fita yana kulle ƙofa kafin a saki hasken. Tun farkon shekarun 2000 aka fara miƙa wannan aiki ga mutum-mutumi, kamar SAM na Stanford a Amurka mai ɗaukar samfuri 96 a akwati guda, kuma tun 2014 layin MASSIF-1 na ESRF yake ɗorawa, ya nemo kiristal, ya ɗauki bayanai ba tare da kowa ya zauna a gabansa ba. A ganina babu wani sauyi a wannan fanni da ya fi wannan amfani ga malami ko ɗalibi na jami'ar Damagaram da ke son nazarin furotin na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ko dafin kububuwa, ko na ƙudujin da ke cinye mana hatsi a gona. Sai dai akwai sharaɗi. Mutum-mutumi ba ya gyara abin da aka kawo masa a karkace, kuma ba ya tambaya. Duk hukuncin da mai bincike yake yankewa a da a bakin layin haske, yanzu dole ya yanke shi a kan teburinsa makonni kafin a aika kaya. Tun ran gini ran zane.

Mataki na farko: a daidaita da layin haske

Kafin a taɓa kiristal ko ɗaya, a san inda za a aika shi. Lokacin haske na masu binciken jami'a ba a biyan kuɗinsa idan za a wallafa sakamakon, amma ana samunsa ne ta hanyar rubuta buƙata da kwamitin masana zai tace. Nijar ba ta cikin ƙasashen da suka haɗa kuɗi suka kafa ESRF, saboda haka hanya mafi sauƙi ita ce haɗin gwiwa da wani ɗakin bincike da ya riga yana da rabonsa na lokaci a kai a kai. Daga nan sai a cike takardar tsaro da ke bayyana kowane furotin, daga wace halitta ya fito, a cikin wace ƙwaya aka samar da shi, kuma ko yana da guba. Ba a ɗora samfurin da ba a amince da takardarsa ba. A tambayi irin faifan jera samfura da mutum-mutuminsu yake karɓa, a kuma duba jadawalin shekara, domin akwai makonnin da ake kashe zoben gaba ɗaya don gyara.

Mataki na biyu: kayan aiki su zama iri ɗaya

Kowane kiristal yana tafiya ne a cikin ɗan zoben nailan da ke bakin wata siririyar allura, ita kuma allurar tana kafe a kan gindin ƙarfe da maganaɗisu ke kamawa. A Turai ma'aunin da aka yarda da shi shi ne SPINE, mai allurar milimita 18, kuma a ƙarƙashin kowane gindi akwai lamba ta ɗigo-ɗigo da na'ura ke karantawa. Faifan da ake jera allurai a ciki iri biyu ne suka fi yawa: na SPINE mai ɗaukar 10, kowace a cikin ƴar kwalbarta, da Uni-puck mai ɗaukar 16 ba tare da kwalba ba. Sandar jigila tana ɗaukar Uni-puck bakwai, samfuri 112 ke nan a tulun sanyi guda.

Hannun mutum-mutumi an saita shi ne a kan tsawo guda da faɗi guda. Allurar da ta fi tsawo za ta iya bugar cikin matsen da ke kama ta, wadda ta gaza kuma ba za ta kai tsakiyar iskar sanyi ba, sai kiristal ya ɗumama. A duba kowace allura a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a fitar da wadda ta lanƙwashe, ko wadda manninta ya saki, ko wadda tsatsa ta ci lambarta. Kada a cakuɗa gindin kamfanoni dabam-dabam a faifai ɗaya sai an tabbata duk suna kan ma'auni ɗaya, domin allura guda da ta maƙale tana iya tsayar da aikin dare sukutum, har ta shafi samfuran wasu mutane da ke jiran layi.

Mataki na uku: a gwada tulu kafin a amince masa

A nan ne namu yanayin ya sha bamban da na abokan aikinmu na Turai, waɗanda kayansu ke isa cikin kwana ɗaya ko biyu. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, sannan ga jiran jirgi da kwastan, kuma a watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Ruwan naitirojin, wanda masu sayarwa suka fi sani da azot, yana tafasa a digiri 196 ƙasa da sifili, kuma kiristal ɗin da aka daskarar dole ya zauna ƙasa da kimanin digiri 140 ƙasa da sifili a duk tsawon tafiyar, in ba haka ba ruwan da ke cikinsa zai juye ya zama ƙanƙara, aikin watanni ya lalace.

Tulun da likitocin dabbobi ke ajiye maniyyin bijimai a ciki yana da amfani wajen adana naitirojin a ɗakin bincike, amma ba shi ake aikawa ba, saboda ruwa ne tsundum a cikinsa kuma jiragen sama ba sa ɗaukarsa a matsayin kaya na yau da kullum. Abin da ake aikawa shi ne busasshen tulu, irin CX100, wanda bangonsa na ciki ke shanye naitirojin ya riƙe shi kamar yadda soso ke riƙe ruwa. A auna nauyinsa yana fanko. A zuba masa naitirojin a hankali, a bar shi ya sha, a ƙara, a ci gaba da haka har ya daina sha, abin da yakan ɗauki sa'o'i da yawa, gara ma a bar shi ya kwana. Sai a tsiyaye ragowar ruwan, a sake aunawa, a ajiye shi a ɗaki mai zafin da zai tarar a hanya, ana auna shi kullum. Raguwar nauyin ita ce za ta faɗi kwana nawa wannan tulu zai riƙe sanyi a zafin garinmu, kuma wannan lissafi ya fi abin da aka buga a takardar kamfani gaskiya, musamman ga tulun da ya tsufa. Idan wuyansa na waje yana yin raɓa ko yana da sanyi a hannu, rufin da ke hana zafi shiga ya lalace, kada a saka masa komai.

A yi duk wannan a wuri mai iska, da safar hannu da gilashin kare ido. Lita ɗaya ta ruwan naitirojin tana zama kusan lita 700 ta iska, tana korar iskar da muke shaƙa ba tare da wari ko alama ba, saboda haka ba a aiki da shi a ƙaramin ɗaki rufaffe, ba a kuma toshe bakin tulu gam.

Mataki na huɗu: tsamo kiristal da daskarar da shi

Kusan rabin kiristal ɗin furotin ruwa ne, kuma manufar ita ce ruwan ya sandare kamar gilashi kafin ya sami damar zama ƙanƙara. Abubuwa biyu ke tabbatar da haka: maganin hana ƙanƙara da saurin sanyayawa. Maganin da aka fi amfani da shi shi ne gilisarol, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a cikin ruwan da kiristal ya girma, ko etilin gilaikol, ko PEG 400. Kafin a kashe kiristal a gwaji, a tsoma zobe da ruwan kaɗai a cikin naitirojin a duba: idan ya fito garau yana ɗaukar ido, adadin ya isa, idan ya yi fari kamar madara, a ƙara.

A zaɓi zoben da ya yi daidai da girman kiristal. Wannan ya fi muhimmanci a aikin mutum-mutumi fiye da na hannu, domin babban zobe yana ɗauke da ruwa mai yawa wanda ke jinkirta sanyi, yana ƙara hayaniya a hoto, kuma yana sa na'ura ta ɓata lokaci tana lalube a fili marar komai. A yi ƙoƙari kowane zobe ya ɗauki kiristal guda. Idan biyu suka hau kan juna, ɗigon haskensu zai cakuɗe, lissafin ya rikice.

Lokacin shekara yana da tasiri a nan, kuma ban ga an cika yin maganarsa ba. A hunturu iskar Damagaram bushe take ƙwarai, abin da ke rage taruwar ƙanƙara a kan kayan aiki, amma ɗigon da kiristal ke ciki, wanda bai wuce maikurolita ɗaya ko biyu ba, yana bushewa cikin ɗan lokaci da zarar an buɗe shi, ga kuma ƙura da ke sauka a kan komai. Saboda haka a buɗe rijiya ɗaya tak ta farantin da kiristal ke girma a ciki a lokaci guda, a ajiye jiƙaƙƙen auduga kusa da ɗigon, a rufe tagogi. A damina kuwa, musamman a Agusta, ɗigo yana jimrewa amma naitirojin yana saurin tara ƙanƙara daga laimar iska, sai a riƙa rufe kwanon tsakanin samfuri da samfuri, a kuma canza ruwan da zarar an ga farin gari yana yawo a ciki. Wannan gari yana manne wa zobe, ya yaudari kyamarar da ke neman bakinsa, ya kuma bar zobba a hoton.

Kwanon soso da ake aiki a ciki a cika shi har baki. Idan ruwan ya yi ƙasa, sanyayyar iska takan taru a samansa, kiristal ya fara sanyi a hankali a cikinta kafin ya kai ga ruwan, kuma sanyin sannu-sannu shi ne ke haifar da ƙanƙara. Daga ɗigo zuwa cikin naitirojin motsi ɗaya ne, da sauri, ba tsayawa.

Mataki na biyar: jerawa da rubutawa

A sanyaya faifan a cikin naitirojin har ya daina tafasa, haka ma duk abin da zai taɓa allura. Mutum biyu suka fi dacewa da wannan aiki, ɗaya yana tsamowa, ɗaya yana rubuta lambar faifai, lambar rami daga 1 zuwa 16, da abin da aka saka, nan take. A ramin farko na kowane faifai ina ba da shawarar a saka kiristal ɗin lizozim na farin ƙwan kaza, wanda yake girma cikin kwana ɗaya ko biyu a ruwan gishiri da asitet, kuma an san siffarsa tun 1965. Shi ne shaidar tafiya, za a ga amfaninsa a mataki na ƙarshe. Duk kayan da aka fitar daga naitirojin a busar da su sarai da na'urar busar da gashi kafin a mayar da su.

Mataki na shida: gaya wa na'ura abin da ake so

Wannan mataki ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali shi ne muryar mai bincike a wurin da ba ya nan. A ESRF da Diamond ana shigar da bayanin kaya a manhajar ISPyB ta intanet: sunan jigila, tulu, faifai, sannan layi guda ga kowane samfuri. Sunan furotin dole ya yi daidai da wanda ke takardar tsaro harafi da harafi, kuma kada samfura biyu su ɗauki suna ɗaya.

Bayan suna akwai gurabun da ba dole ba ne a cike, amma su ne ke raba kyakkyawan sakamako da matsakaici. Idan an san rukunin tsarin kiristal da ma'aunin tubalinsa, wato ƙaramin sashen da ke maimaita kansa a cikin kiristal, daga aikin baya, a rubuta, domin na'ura za ta tsara kusurwar juyawa a kansu. A rubuta kaifin da ake sa rai, wato ƙanƙantar abin da bayanan za su iya bambancewa, da angistirom, ma'aunin tsawo na girman atam, saboda da shi ake yanke nisan na'urar ɗaukar hoto daga kiristal: idan an ajiye ta nesa, ɗigon da ke gefe, waɗanda su ne ke ɗauke da bayani mafi kaifi, za su faɗi a waje. Akwai kuma mafi ƙarancin kaifin da ya cancanci a ɗauki bayanai, wanda ke hana ɓata lokaci a kan kiristal marar kyau. A sabon furotin da ba a taɓa gani ba a sassauta wannan iyaka, domin ko bayani na angistirom 3.5 yana koyar da abu. Idan an san furotin ba ya jure haske, a faɗa. Hasken X yana lalata abin da yake haskawa ko a cikin sanyi, kuma iyakar hasken da kiristal zai iya sha da aka saba ambata ita ce megagire 30, wadda ƙungiyar Elspeth Garman ta Oxford ta auna a 2006, amma haɗin sulfur da wuraren da ƙarfe ke zaune suna lalacewa tun kafin a kai nan.

Sai zaɓin tsarin aiki. A MASSIF-1, MXPressO yana nemo kiristal ya juya shi digiri 180 kai tsaye, MXPressE kuwa yana fara gwada shi ya lissafa dabarar da ta dace da shi. Ga sabon furotin na biyun ya fi. Wanda ya saka seleniyum a furotin ɗinsa domin warware siffar daga tushe yana buƙatar haske kusa da angistirom 0.979 da maimaita aunawa sau da yawa, sai ya zaɓi tsarin da aka tanada domin haka, ko da yake tun 2021 siffofin da manhajar AlphaFold ke hasashe sun rage yawan masu buƙatar wannan hanya.

Akwai kuma zaɓin tuƙa layin daga nesa ta manhajar MXCuBE, mutum yana danna kowane kiristal da kansa daga kwamfutarsa. Yana da amfani ga kiristal masu wahala, amma yana buƙatar intanet da lantarki da ba za su yanke ba na sa'o'i da yawa a jere. Inda ba a da tabbacin haka, cikakken aikin mutum-mutumi shi ne zaɓin hankali.

Mataki na bakwai: aikawa

A sake cika tulun kwana ɗaya kafin tafiya, a saka sandar faifai, a tsiyaye duk ruwan da bai shanye ba, domin da wannan sharaɗi ne dokar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, a sashenta na A152, ta cire busasshen tulu daga jerin kaya masu haɗari. A manna takardar da ISPyB ta buga, da bayanin kwastan da Faransanci da Turanci, a saka ma'aunin zafi mai ajiye tarihi idan akwai. Tulun ya tafi a tsaye, saboda kwantar da shi yana rage kwanakinsa sosai, kuma wannan magana ce da ya kamata a yi da direba baki da baki, a ɗaure akwatin a inuwa. Idan da hali a sake cika shi a Yamai kafin ya hau jirgi. A aika a farkon mako, a kauce wa ranakun Salla da hutun can.

Wanda ba shi da naitirojin a kai a kai yana da wata mafita: a aika tataccen furotin a sanyi zuwa ɗakin HTX na EMBL, cibiyar binciken halittu ta Turai, a Grenoble ta hannun abokan haɗin gwiwa, inda injina ke girka kiristal, na'urar CrystalDirect ta yanko shi da leza ta daskarar da shi, mai binciken yana kallon hotunan ɗigonsa ta intanet yana nuna wanda yake so.

Abin da ke faruwa a can

Ma'aikata suna juye faifan a babban tulun mutum-mutumi. Hannun yana sanyaya matsensa, ya ɗauki allura, ya karanta lambarta, ya ɗora ta a kan maganaɗisun sandar juyawa cikin ƴan daƙiƙoƙi, inda iskar naitirojin ta Kelvin 100, wato digiri 173 ƙasa da sifili, ke busa ta ba ƙaƙƙautawa. Kyamara tana gano bakin zobe da faɗinsa. Daga nan sai a laluba fuskar zoben da raunanan haske, layi bayan layi, manhajar Dozor tana ba kowane wuri maki gwargwadon ɗigon furotin da ta gani, sannan a juya digiri 90 a sake lalubawa domin a sami tsakiyar kiristal ta kowace fuska. Ana ɗaukar hotunan gwaji, manhajar EDNA ta lissafa dabara, a ɗauki cikakkun bayanai, manhajoji irin su XDS da autoPROC su sarrafa su.

Mataki na ƙarshe: karanta sakamako

Hotunan asali na kiristal guda suna kai gigabait da yawa, saboda haka a fara sauke fayil ɗin MTZ mai ɗauke da bayanan da aka sarrafa, da rahoton lissafi, waɗanda ba su da nauyi, a bar manyan su biyo baya a faifan ajiya. A fara da lizozim. Idan ya ba da tubalinsa da aka sani, kimanin angistirom 79, 79 da 38, da hoto mai tsabta, sanyi bai yanke a hanya ba, kuma duk matsalar da aka gani a sauran daga teburin aiki ta fito. Idan shi ma yana da zobban ƙanƙara a angistirom 3.9, 3.7 da 3.4, tulu ne ya ɗumama ko naitirojin ɗin jerawa ne ya ƙazantu. A kalli hoton kowane zobe da taswirar lalube: zoben da ya isa fanko yana nuna kiristal ya zame tun wajen tsamowa, wanda makinsa ya rabu gida biyu kuma ya tsage ne, watakila maganin hana ƙanƙara ya yi masa ƙarfi, sai a gwada ƙara shi kaɗan-kaɗan a zagaye na gaba. A cikin rahoton a duba cikar bayanai da CC1/2, ma'aunin ingancin bayanai, na zangon kaifi na ƙarshe kafin a yarda da kaifin da manhaja ta rubuta, kuma a tabbatar da rukunin tsari da hannu, domin manhajoji biyu sukan saɓa a kansa.

A tuna cewa ESRF tana riƙe bayanan mai bincike a sirri na shekara uku ne kafin ta buɗe su ga kowa, saboda haka warware siffa da manhajar Phaser, gyara ta da Coot, da ajiye ta a PDB ba abin jinkirtawa ba ne. Idan tulun ya dawo, a buɗe shi a bar shi ya bushe sarai na kwanaki a wurin da ƙura ba ta shiga, domin laimar da ta maƙale a bangonsa tana rage abin da zai sha a gaba. A wanke allurai da ruwa mai tsabta da alkol, a sake duba su ɗaya bayan ɗaya, a kuma maimaita gwajin nauyi kafin jigila ta biyu.